Yadda ake zaɓen kamshaf ga tsohuwar V8 ta Amurka da za a riƙa hawa a titi

Kuskuren da aka fi yi wajen ƙara wa Camaro, Chevelle, Mustang ko GTO ƙarfi shi ne sayen kamshaf, wato sandar nan mai tozaye da take buɗe bawulolin injin, da kunne. Mutum ya ji wata mota a tsaye tana "gudum-gudum" kamar za ta mutu, kukan ya burge shi, sai ya nemi irin kamshaf ɗinta ya ɗora wa tasa. Bayan an haɗa, motar ta ƙi tashi daga danja sai da lallashi, birki ya yi tauri, fetur yana tafiya kamar ana zubarwa. A cikin kayan injin, kamshaf ne ya kamata a zaɓa daga ƙarshe, bayan an san matsin injin, giyar baya, girman taya da irin giyabos. Misalan nan an ɗauko su daga injin Chevrolet 350, mai lita 5.7, wanda ya fara fitowa a Camaro ta 1967, domin shi ne ya fi yawa kuma kayansa sun fi samuwa. Lissafin ɗaya ne ga Ford 302 da 351 ko Chrysler 340 da 383.

Karanta katin kamshaf

Kowane kamshaf yana zuwa da kati mai lambobi. Uku ne suke yanke hukunci.

Na farko shi ne tsawon buɗewa, wato digiri nawa karanshaf yake juyawa alhali bawul yana buɗe. Kamfanoni suna rubuta lamba biyu. Akwai ta talla, irin 268 ko 280, wadda kowane kamfani yake auna tasa daga inda ya ga dama, wani daga inci 0.004, wani daga 0.006. Kada ka kwatanta kamshaf biyu da wannan lambar. Wadda za ka duba ita ce wadda aka auna lokacin da tafet, ƙarfen da yake hawa kan tozon kamshaf, ya ɗaga inci 0.050, don a nan kowa ya yi tarayya. Idan wannan lamba ta ƙaru, ƙarfin injin yana ƙaura zuwa saman juyi, ƙasan kuma ya yi sanyi. Dalilin shi ne bawul ɗin shiga yana makarar rufewa: fistin ya riga ya fara hawowa, yana maido da wani ɓangare na iska da fetur baya ta inda suka shigo. A babban juyi saurin iskar yana hana ta komawa, shi ya sa injin yake farkawa a can. A ƙaramin juyi kuwa asara ce tsagwaronta.

Na biyu shi ne ɗagawa, iya nisan da bawul yake barin mazauninsa. Ana samunsa ne idan aka ninka tsayin tozon kamshaf da ma'aunin roka, wato hannun da yake danna bawul. Rokar ƙaramin injin Chevrolet 1.5 ce, ta ƙaramin Ford 1.6, ta babban injin Chevrolet 1.7. Tozo mai inci 0.318 zai ba da 0.477 da roka 1.5, amma da ka canza zuwa 1.6 ya koma 0.509. Mutane da yawa suna canza roka su manta sun canza ɗagawa, sai sifirin ya cushe.

Na uku shi ne tazarar da ke tsakanin tozon shiga da tozon fita, wadda ake rubutawa LSA a kati, yawanci daga digiri 106 zuwa 114. Ita da tsawon buɗewa ne suke haifar da ɗan lokacin da bawuloli biyu suke buɗe tare. Tazara ƙarama, 106 zuwa 108, tana ƙara wannan lokaci: silo ya yi gargada, zuƙar injin ta ragu, ƙarfin ja ya taru a tsakiya. Tazara mai faɗi, 112 zuwa 114, tana kwantar da silo, ta bar zuƙa mai kyau, kuma ita injin mai kwamfuta ya fi jurewa. Motar titi mai kafireta, 110 zuwa 112 ne gidanta. Kukan nan da ake so, a gaskiya injin ne yake haɗiyar hayaƙinsa yana kasa ƙone fetur daidai.

San motarka tukuna

Fara da matsi. Injuna masu ƙarfi na GM, kamfanin da ya mallaki Chevrolet, na ƙarshen shekarun 1960 suna da matsi 10 zuwa 11 bisa 1, amma daga 1971 kamfanin ya sauke shi zuwa wajen 8.5 don su iya shan fetur marar dalma. Tarihin kamshaf ɗin injin Chevrolet L79 ya isa darasi: digiri 222 shiga da fita, ɗagawa 0.447, kuma a injin 327 mai matsi 11 bisa 1 ya ba da ƙarfin doki 350. Ɗauki wannan kamshaf ka sa a 350 na tsakiyar shekarun 1970 mai kan silinda na cc 76, za ka sami mota mai nauyin jiki ƙasa da juyi 3,000. Dogon buɗewa yana zubar da matsi, don haka sai injin da yake da rarar matsi ne zai iya ɗaukarsa.

Kada ka dogara da abin da mai sayar da motar ya faɗa. Cire fulogogi duka, ka buɗe totur, ka ɗaura gejin matsi ka buga sitata. Injin titi mai lafiya yana nuna psi 160 zuwa 190. Idan kana ganin 140 da kamshaf ɗin kamfani, babban kamshaf zai ƙara durƙusar da shi. Idan kuma ka haura 200 da kan silinda na baƙin ƙarfe, fetur ɗin gidan mai, ko da mai lamba 93 ne da ake sayarwa a Amurka, zai iya sa injin ƙwanƙwasa. A nan ɗan ƙarin tsawon buɗewa magani ne.

Sai juyin da injin yake yi a kan babbar hanya. Ninka gudu a mil da giyar baya, ka ninka da 336, ka raba da tsayin taya a inci. A mil 60 cikin awa, wato kilomita 97, da taya mai inci 26 da giyabos irin TH350 marar giyar hutu, wato giyar ƙarshe mai rage juyin inji, giyar baya 2.73 tana ba da juyi kusan 2,100 a minti, 3.08 tana ba da 2,400, 3.73 kuma 2,900. Kamshaf ɗin da ba ya fara aiki sai 2,500 bai dace da mota mai 2.73 ba, don duk tafiyar da za ka yi a ƙasan ikonsa za ka yi ta. A lura da giyabos 700R4: giyarsa ta huɗu 0.70 ce, tana mai da 3.73 ta yi juyi kusan 2,000 kacal.

In motar otomatik ce, kwambata, wadda take tsayawa a madadin kuloci tsakanin inji da giyabos, tana da ta cewa. Ta kamfani tana kamawa tun wajen juyi 1,400 zuwa 1,800. Babban kamshaf yana buƙatar silo mai tsayi, sai ka ga da an sa giya motar tana fizga ko injin ya mutu. Mai kuloci yana da sauƙi kaɗan, ƙafarsa ce kwambatarsa.

Inda lambobin suke faɗawa a injin 350

Kamshaf ɗin kamfani na yau da kullum yana wajen digiri 195 shiga, 202 fita a awon inci 0.050, ɗagawa 0.390 da 0.410. Daga nan ake hawa.

Tsakanin 204 da 214, misali Edelbrock Performer-Plus mai 204/214, ɗagawa 0.420/0.442, tazara 112: yana tafiya da matsi 8.5, kwambatar kamfani da giyar baya 2.73 ko 3.08. Silo lumui, birki lafiya lau. Ba ya burge kowa a wurin ajiye motoci, amma a mota mai nauyi da ba a taɓa komai nata ba, shi ne yake biyan kuɗin sabulu.

Tsakanin 218 da 224 ne yawancin motocin titi suka fi jin daɗi. Comp Cams XE262H yana da 218/224, ɗagawa 0.462/0.469, sai yayansa XE268H mai 224/230, ɗagawa 0.477/0.480, dukansu a tazara 110. Na farkon yana haƙuri da matsi 9 da giya 3.08 zuwa 3.42. Na biyun yana son matsi 9.3 zuwa sama, kwambata mai kamawa a 2,000 zuwa 2,200, giya 3.42 ko 3.55, da bututun hayaƙi masu faɗi. Digiri shida ne kawai tsakaninsu a kati, amma a cikin go-sulo za ka ji su a ƙafarka.

Daga 230 zuwa 244, kamar Performer RPM mai 234/244 da ɗagawa 0.488/0.510, an shiga wani babi: matsi 9.5 zuwa 10.5, kwambata 2,500 zuwa 3,000, giya 3.73, da kan silinda mai numfashi sosai. Wanda bai shirya sayen duk waɗannan ba, ya tsaya a baya.

Girman injin yana sauya lissafin. Kamshaf mai 230 da yake hargitsi a Ford 302, a injin 440 ko 454 ladabi yake yi, domin babban silinda yana shanye shi. Idan ka rasa zaɓi tsakanin biyu, ɗauki ƙaramin. Asararka 'yan dawakai ne a juyi 6,000 da ba kasafai za ka kai ba. Masu Ford su ƙara duba jerin wuta: tsohon 302 yana bin 1-5-4-2-6-3-7-8, amma 351 Windsor da 5.0 HO suna bin 1-3-7-2-6-5-4-8, kuma kamshaf ne yake yanke wanda za a bi. Wayoyin fulogi su bi kamshaf ɗin da aka sa.

Tafet mai shafaffen gindi ko mai ƙafar taya

Tsofaffin injunan nan da tafet mai shafaffen gindi suka zo. Yana da araha, amma shi ne ya fi saurin cin amana. Baƙin man motocin zamani an rage masa sinadarin ZDDP mai hana ƙarfe cin ƙarfe, ana taƙaita fosforas ɗinsa a kashi 800 cikin miliyan don kare tukunyar tace hayaƙi, alhali wannan tafet yana son 1,200 ko fiye. Tafet mai ƙafar taya, wanda Ford ya sa wa 5.0 na Mustang a 1985, Chevrolet kuma a 1987, ba ya buƙatar wannan lallaɓawa, yana kuma buɗe bawul da sauri ba tare da an tsawaita buɗewa ba. Kuɗinsa ya ninka, kuma sa shi a tsohon bulok yana jawo wasu sayayya: tafet masu sandar haɗi, gajerun sandunan turi, maɓallin da ke hana kamshaf zamewa gaba wanda ake barin wasansa inci 0.005 zuwa 0.010, da haƙorin distibita da ya dace da ƙarfen kamshaf ɗin. In kamshaf ɗin zallar ƙarfe ne aka bar masa haƙorin kamfani, su biyun za su cinye juna, garin ya bi mai ya shiga ko'ina.

Awo kafin a rufe injin

Sayi sifirin ɗin da kamfanin kamshaf ya rubuta. Na shafaffen tafet yawanci laba 105 zuwa 125 ne a rufe, kusan 280 zuwa 300 a buɗe. A cikakkiyar ɗagawa, a bar aƙalla inci 0.060 kafin zoben sifirin su haɗe, da wani 0.060 tsakanin hular sifirin da robar bawul. Kan silinda na Vortec, wanda ya fito a 1996, yana numfashi da kyau amma a nan yake da tarko: ba a gyara shi ba, hular tana iya dukan robar tun ɗagawa 0.450 zuwa 0.480. Tsofaffin kawuna kuma ƙusoshin rokarsu dannawa aka yi, ba ɗauri ba, sifirin mai ƙarfi yana zaro su sannu a hankali.

Don sanin ratar fistin da bawul, manna laka irin ta wasan yara a kan fistin, ka ɗora kan silinda da gasket ɗinsa, ka juya injin da hannu zagaye biyu, ka cire, ka yanka lakar da reza ka auna kaurinta. Ana son 0.080 a bawul ɗin shiga, 0.100 a na fita. Yi wannan gwajin da daskararren tafet, irin wanda ba ya aiki da mai, ko sifirin mai laushi, in ba haka ba tafet ɗin zai lotsa ya ba ka awon ƙarya.

Alamomin ɗigo na sarkar taimin ba su isa shaida ba. Ɗaura faifan digiri da agogon awo ka tabbatar tsakiyar tozon shiga ta faɗa inda kati ya ce. Kamshaf mai tazara 110 sau da yawa ana sa shi a 106, wato an riga an gina masa gabatarwar digiri huɗu, kada ka ƙara masa wata a kan haƙorin sarka.

Mintuna talatin na farko

Shafaffen tafet a nan yake rayuwa ko ya mutu. Sabon kamshaf sai sababbin tafet, ba a gwama shi da tsofaffi. Shafa man haɗi mai kauri a kan kowane tozo da gindin tafet, ka tabbatar kowane tafet yana juyawa a raminsa da yatsa. In sifirin biyu ne, cire na ciki tukuna. Zuba man horon injin mai ZDDP, ka juya famfon mai da dirila har mai ya fito a kan roka, ka cika kafireta da fetur, ka saita wuta yadda bugu ɗaya zai tashi. Da ya kama, kai shi juyi 2,000 zuwa 2,500, ka riƙa ɗan hawa da sauka na minti 20 zuwa 30. Kada a bar shi a silo ko na minti ɗaya, domin fantsamar man da karanshaf yake watsawa ce take jiƙa tozo. In ruwa ya yi zafi, kashe, ka gyara, ka ci gaba daga inda aka tsaya. Bayan nan a zubar da man, a yanka filta a duba. Garin ƙarfe mai walƙiya tare da "tak-tak" da ba ya ƙarewa a roka ɗaya yana nufin tozo ya tafi, kuma sai an wanke injin gaba ɗaya.

Sai saiti. Babban kamshaf yana son wutar farko digiri 14 zuwa 18, jimilla 34 zuwa 36 a ƙaramin Chevrolet, Vortec kuma 32 zuwa 34, don haka sai an rage tafiyar da distibita yake yi da kansa. Ɗaura gejin zuƙa a manifol, mota tana cikin giya. Injin kamfani yana nuna inci 17 zuwa 20. Bustar birki, mai amfani da zuƙar injin don sassauta taka birki, tana son wajen 14 zuwa sama, in ya gaza haka sai tankin ajiyar zuƙa ko famfon lantarki. A kafiretar Holley, bawul ɗin ƙarin fetur da take zuwa da shi mai lamba 6.5 ne, kuma ƙa'idar ita ce lambarsa ta zama kusan rabin abin da geji ya nuna. Geji yana nuna 9, a sa 4.5, in ba haka ba zai riƙa buɗewa a ƙaramar tafiya, fulogogi su yi baƙi, hayaƙi yana yaji a ido.