Yadda Ake Gano Kuskure a Alƙaluman Albashin Ma'aikata

Mai nazarin albashin ma'aikata yakan samo alƙalumansa ta hanyoyi biyu: amsoshin da mutane ke bayarwa idan an bi su gida-gida da tambayoyi, da kuma abin da ke rubuce a kundin hukumomin haraji ko na fansho. Kowace hanya tana da irin nata kuskuren, kuma ga yadda ake tantance shi.

Da farko a tabbatar cewa abu ɗaya ake aunawa a ɓangarorin biyu. Idan aka tambayi ma'aikaci albashinsa, sau da yawa abin da ya shigo hannunsa bayan an cire haraji yake faɗa, alhali kundin hukuma yana ɗauke da kuɗin ne kafin a cire komai. A duba kuma ko na wata ne ko na shekara, da ko an haɗa alawus da kuɗin ƙarin lokaci.

Sai a tace amsoshin kansu. Idan suka taru a kan lambobi irin su 2,000 ko 5,000, alama ce mutane kintace suka yi. Waɗanda kuma suka ƙi amsawa aka cike musu gurbin da albashin wani mai kama da su, a ware su gefe.

Daga nan a haɗa bayanan kowane mutum daga ɓangarorin biyu ta lambar shaidarsa, a fitar da bambancin, a dubi yadda yake sauyawa da girman albashi. A 1991 masana tattalin arziki John Bound da Alan Krueger sun yi haka da bayanan Amurka, suka ga cewa masu ƙaramin albashi sukan faɗi fiye da abin da ke kundi, masu babban albashi kuwa sukan rage. Irin wannan kuskure yakan sa tazarar da ke tsakanin ma'aikata ta yi kamar ba ta kai yadda take ba.

Matakin da aka fi sakaci da shi, a ganina, shi ne tuhumar kundin hukuma shi ma. Kundi ba ya ganin aikin da aka biya hannu da hannu, wani kundin kuma ba ya rubuta abin da ya haura wani iyaka. Ga kuma haɗin kuskure, wanda masu bincike Arie Kapteyn da Jelmer Ypma suka ja hankali a kansa a 2007 da bayanan Suwidin: idan aka jingina wa mai matsakaicin albashi bayanan wani babban ma'aikaci, sai a ɗauka ɓoye samunsa ya yi, alhali gaskiya ya faɗa. Irin wannan haɗi ko kaɗan ne yana iya gurɓata sakamako, don haka a gwada ranar haihuwa da jinsi a ɓangarorin biyu, a cire duk inda suka saɓa, sannan a sake lissafin.