Haihuwa da Ɗan Abin Hannu: Abin da Na Koya Tsakanin ta Fari da ta Uku

Daren da naƙudar 'yata ta fari ta tashi, akwai atamfa kala uku a akwatina, an ɗinke su tsaf don fitar suna. Akwai setin bahon wanka ruwan hoda, har da kwandonsa. Amma da za ka kaɗe gidan kaf, ba za ka haɗa naira dubu biyar ba. Ƙarfe biyun dare maigidana ya yi ta buga ƙofar maƙwabta kafin a samu mai mota, a asibiti kuma aka miƙo masa takardar abubuwan da zai sayo, ya tsaya yana juya ta kamar wanda bai iya karatu ba. Da gari ya waye, ɗan kunnen zinaren da Innata ta ba ni ranar aure aka kai jingina. Har yau bai dawo ba.

Ni tela ce a nan Zariya, keken ɗinki ɗaya gare ni a tsakar gida. Maigidan kuma Keke Napep na wani yake ja, kullum sai ya kai balas kafin ya san nasa. 'Ya'yanmu uku. Autan na haife shi bayan an cire tallafin mai a 2023, lokacin da kwanon masara sai an yi masa kallo biyu kafin a taya, kuma ita ce haihuwar da ba mu ci bashin ko sisi ba. Samunmu bai ƙaru ba. Inda kuɗin suke zuwa ne muka sauya, shi ne nake so in faɗa miki, 'yar'uwa, tun cikin bai tsufa ba.

Ranar da kika tabbatar da ɓatan wata, ranar za ki fara ajiya, don ba a fafe gora ranar tafiya. Mu kafinta muka sa ya buga mana asusun katako, irin wanda sai da guduma ake buɗe shi. Kullum naira 300, ɗari biyu daga wajensa, ɗari daga kuɗin ɗinkina. A wata bakwai ya kai wajen dubu 63. In ɗari uku ta yi miki nauyi, sa ɗari. Abin da ake so kada rana ta wuce ba a jefa komai ba. In kina adashi, ki roƙi uwar adashi tun yanzu ta sa ki a kwasar watanki na takwas, kada ki yarda da ta farko, domin kuɗin da suka zo da wuri cefane ne ke cinye su. Wani ɓangare kuma ki bar shi tsaba a ɗaki. Duk wanda ya ga wahalar canjin kuɗi a farkon 2023 ya san yadda mutum ke da kuɗi a banki yana kuka, kuma da tsakar dare ba lallai ki samu mai POS a buɗe ba.

Kuɗin asusun nan ba na suna ba ne. Ki faɗa wa maigida haka a fili tun ranar farko, ku yi musun ku gama. Na mota ne, da kayan da asibiti za su nema, da magani, da abin da ba a fata.

Sai awo. Da yawa cikinmu muna jira sai ciki ya fito ya yi wata shida ko bakwai, wai don a rage zirga-zirga da kuɗin mota. Na yi haka a na fari, na je aka ce jinina ya yi ƙasa sosai, aka rubuto magungunan da suka ninka abin da nake gudu. Ki je ƙaramin asibitin gwamnati na unguwarku, wanda ƙafa za ta kai ki, kafin ciki ya cika wata uku. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya take cewa a ga ma'aikacin lafiya sau takwas kafin haihuwa. A can za a auna hawan jini, a duba fitsari, a ba ki ƙwayar ƙarin jini, a yi miki allurar tetanus, a ba ki Fansidar na rigakafin zazzaɓin cizon sauro bayan ciki ya wuce wata uku, wani lokaci har da gidan sauro. Yawancin waɗannan a asibitin gwamnati ko kyauta ne ko kuɗinsu kaɗan. Ki riƙa fita da sassafe da ɗan abin karyawa a jaka, layin awo ba ya tausayin wadda ta makara.

Abu biyu kada ki bar wurin ba ki tambaya ba. Na farko rukunin jininki. In aka ce naki nagetif ne, akwai allurar da ake kira Anti-D da za a iya buƙata bayan haihuwa, tana da tsada, gara ki sani da sauran watanni a gaba. Kuma ki nemi mutum biyu cikin dangi, lafiyayyu, waɗanda za su ba da jini in an nema. Ƙanen maigidana da ɗan yayata muka tanada, Allah Ya sa ba a kai ga haka ba, amma sayen leda ɗaya ta jini da gaggawa kan iya share asusu gaba ɗaya. Na biyu, ki ce wa malamar awo ta rubuta miki kayan haihuwa da asibitinsu ke nema. Kowane wuri da nasa tsarin, amma ba ya wuce safar hannu, auduga, audugar mata, abin ɗaure cibi, Jik, Dettol, sabulu, da ledar shimfiɗa. Ki riƙa saye ɗaya-ɗaya a babban kemis na cikin kasuwa duk ranar da kika je awo. Shagunan bakin asibiti sun san mai naƙuda ba ta tayi.

Hoto kuma, wato sikanin, ya zama gasa tsakanin mata yanzu. Na san wadda ta yi sau biyar don dai ta tabbatar namiji ne. In ba likita ne ya ce a maimaita ba, ɗaya ko biyu sun isa.

A watan Nuwamban 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da cewa za a riƙa yi wa mata marasa ƙarfi tiyatar haihuwa kyauta. Ba kowane asibiti ne ke cikin shirin ba, saboda haka tun kina zuwa awo ki tambaya wanne ne mafi kusa da ke, a kuma gaya miki takardun da ake nema. Tambaya ba ta cin kuɗi. Haka nan mai mota: maigida ya yi magana da mutum biyu a unguwa tun wata na takwas, a daidaita kuɗi da rana tsaka, a rubuta lambobinsu a bango kusa da ƙofa. In kika ga jini, ko ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin ido, ko fuska da hannuwa sun kumbura, ko faya ta fashe babu naƙuda, ko yaro ya daina motsi, ba a jiran gari ya waye, ba a jiƙa rubutu a zauna ana duba agogo. Naƙudar da ta wuce awa 12 ma haka. Doguwar naƙuda a gida ita ce ke kai mata ga yoyon fitsari, kuma babu arhar da za ta biya wannan.

Abinci ba zan daɗe a kai ba, don abin da ke ƙara jini yana nan a tsakar gidanmu: zogale, alayyafo, rama, wake, gyaɗa, awara, busasshen kifi, ƙwai in an samu. Ba sai kin sayi kayan shayi na gwangwani ba. Shi ruwan Lipton ma in kika sha shi kan abinci yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarin jini, sai ki ba da tazara.

Yanzu ga inda nake da bakin magana, kayan jariri. Jariri ba ya sanin sabo. Rigar da kika kashe kuɗi a kanta, sati uku ta matse shi. Wa autana 'yan riguna shida na tsinto a gwanjo, na wanke da ruwan zafi, na shanya a rana, na goge. Sauran na yayyensa ne da na adana a jakar Ghana-must-go, da waɗanda ƙanwata ta aiko, ita ma da ta haihu na mayar mata. Tsofaffin zannuwan atamfa da suka sha wanki sun fi sabon shawul laushi; na yanka su na daje bakinsu, suka zama na shimfiɗa da na goyo. Baho kuwa robar wanki sabuwa guda ɗaya ta wadatar. Setin nan ruwan hoda da na ba ki labari, kwandonsa albasa muke zubawa a ciki yanzu.

Famfas shi ne ramin da ba ya cika. Ni nafkin na zane dozin ɗaya na ɗinka, da wandon roba uku, famfas sai dare da ranar fita unguwa ko zuwa rigakafi. Gaskiya akwai wahalar wanki, ba zan ɓoye miki ba, musamman da damina in rana ta ƙi fitowa. In unguwarku sayen ruwa kuke wajen 'yan garuwa, ki yi lissafin ruwa da omo tukuna ki ga wanne ya fi miki. Hoda, turaren jarirai, man shafawa kala-kala, duk ki bar su a shago. Man kaɗanya ko Vaseline ya isa. Cibi kuma a bar gasa shi da tsumma ko shafa masa man goge baki. Akwai man chlorhexidine da ake bayarwa a asibiti, ɗan ƙaramin bututu, shi kaɗai za ki riƙa shafawa har ya faɗi.

Madarar gwangwani ba ta talaka ba ce, kuma alhamdulillahi ba a buƙatarta sai in likita ya ce. Ki sa shi a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, kada a matse dakashi a zubar, shi ne rigakafinsa na farko. Wata shida nono zalla, ko ruwa babu. Surukata, Allah Ya ƙara mata lafiya, sai da muka kai ruwa rana a kan wannan. «Yarinya, a zafin Zariya za ki hana ɗan mutum ruwa?» Na ce, «Hajiya, ni zan sha masa.» Ta yi dariya ta ƙyale ni, amma na san tana lura. Da ta ga watanni sun shuɗe bai yi gudawa ba, ita ce ta koma faɗa wa matan gidansu. Allurar rigakafi ma kyauta ce a asibitin gwamnati: ranar haihuwa, sati 6, sati 10, sati 14, wata 9, sai wata 15. Ki adana katin a leda. Takardar haihuwa kuma ki karɓa wajen jami'in Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa tun yana jariri, kada sai za a sa shi makaranta a shiga neman ta.

Wankan jego na yi shi, ba zan ce kada ki yi ba, ruwan ɗumi da ganyen darbejiya yana warware jiki. Amma tafasa tukunyar ƙarfe safe da yamma har kwana arba'in, itacen kaɗai ya isa ya karya magidanci. Ni sau ɗaya a rana nake yi, ruwa mai ɗumi wanda fata za ta iya ɗauka. Kunun kanwa kuma na rage shi ƙwarai. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, a nan garin namu, suka yi rubutu a kan ciwon zuciya da kumburin da ke kama masu jego, suka danganta shi da yawan kanwa da zafin gadon wuta. Kunun gyaɗa da na gero ba kanwa su ma suna kawo ruwan nono. In wanzami ya zo, ya yi aski da sabuwar reza ya tsaya nan, ban da cire beli.

To, sai babbar magana, suna. Nan ne kuɗin talaka ke mutuwa, kuma mu mata mu ne kan gaba. Kai ma maigida ka matso ka ji. Malamin da ke karantar da mu a Islamiyya ya ce a mazhabar Malikiyya dabba ɗaya ake yankawa ranar bakwai, namiji ne ko mace, kuma akuya ko tunkiya da ta kai shekarun layya ta wadatar. Wanda ba shi da hali babu laifi a kansa. Babu inda aka ce sai rago mai ƙaho da zai sa 'yan layi su fito kallo. Mu 'yar tunkiya muka saya tun cikin yana wata uku, lokacin Babbar Sallah ta wuce, dabbobi sun yi sauƙi. Dusa da ƙaiƙayin wake da ɓawon kayan miya ta ci a bayan ɗaki har ta yi ƙiba. Ranar suna maza suka taru bayan sallar asuba, aka raba dabino da goro, aka yi addu'a, kafin hantsi kowa ya kama gabansa.

Taron mata ne aka so a yi rigima. Ƙawayena suka kawo maganar anko, na ce a'a. Aka ce a ɗauko rumfa da kujeru da mai kiɗa, na ce a'a. Wata ta ce, «Maman Ummi, ke da kike tela, a ce kin fito da kala ɗaya?» Na ce kala ɗaya, ita ma ni na ɗinka. Muka dafa shinkafa da wake kwano uku, aka dama kunun zaƙi, aka yi zoɓo a babbar roba. Wadda ta zo don Allah ta ci ta ƙoshi. Maganganu kam an yi, an ce mun tsiyace, an ce na raina mutane. Kafin in yi arba'in wata ta haihu a layinmu, suka koma kanta.

Kayan barka da kuɗin biki da aka kawo, na sa ƙanwata ta rubuta su a littafi, sunan kowa da abin da ya bayar, don biki bashi ne, ranar tasu za a duba. Sabulai da omo sun kai mu wata huɗu. Atamfofi biyu da suka zo iri ɗaya na sayar da guda. Da muka fasa asusu, bayan an biya mai mota da asibiti da magani, dubu goma sha ɗaya suka rage. Na sayi buhun gawayi da mudu biyar na gero, sauran na mayar cikin wani sabon asusun, na rubuta a jikinsa da alli: zazzaɓi.