Yadda ake duba jitar lantarki mai araha a sauya mata kaya

Wanda ya sayi jitar lantarki mai araha, da wuya ya yi mako biyu bai fara jin ƙaiƙayin sauya fikof ba. Ya ji an ce fikof ne ke ɗauko muryar tsirkiya ya aika wa amfilifaya, sai ya ɗauka da zarar ya cire na kamfani ya sa mai tsada, shi ke nan ta zama irin ta manyan makaɗa. Ni ma haka na yi a jitata ta farko. Na ƙare da jita mai fikof na alfarma wadda tsirkiyarta ba ta zama a sauti na minti biyar, kuma tana zuzu a firet na bakwai kamar ƙudan zuma ya shiga kwalba (firet su ne siraran ƙarafan nan da aka gicciya a kan wuyan jita). Fikof ba ya gyara wuya, shi ya sa a wannan bayani sai can kusa da ƙarshe za mu zo kansa.

An ce araha ba ta ado, amma a harkar jita maganar ta ɗan sassauta. Squier da Fender ta fara fitarwa a 1982, da Epiphone da ke hannun Gibson tun 1957, da Yamaha Pacifica, da Harley Benton na kamfanin Thomann na Jamus, galibi inji mai aiki da kwamfuta ne ke yanka musu jiki da wuya, don haka katakon yakan fito yadda aka zana shi. Inda ake rage kuɗi shi ne aikin hannu na ƙarshe, wato daidaita firet da yanka ramukan tsirkiya, sai kuma ƙananan kaya na ciki da ido ba ya gani. Waɗannan kuwa duk ana iya gyara su a gida.

Mataki na farko: duba ko ta cancanci wahalar

Kafin ka kashe ko sisi, ɗauki jitar ka kaɗa ta ba tare da ka haɗa ta da amfilifaya ba. Idan ka ji katakon yana rawa a ƙirjinka, sautin ya daɗe kafin ya mutu, kana da tushe mai kyau.

Sai wuya. Tsayar da jitar, ka sa ido daga kai ka leƙa har zuwa jiki, kamar mai duba ko sanda ta miƙe. Ɗan lanƙwasa gaba ko baya ba komai ba ne, akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan da aka sa don hakan. Abin gudu shi ne murɗewa, inda gefen tsirkiya mai kauri da gefen siririya ba sa tafiya tare. Wuyan da ya murɗe ba shi da magani mai sauƙi. Haka nan, sa alanki a kan sandar ka ɗan juya kaɗan ka mayar. Idan ta ƙi motsi ko kusurwoyinta sun cinye alankin yana ta zamewa, tsaya nan. Jita mai murɗaɗɗen wuya ko matacciyar sanda, ka kaɗa ta yadda take ko ka rabu da ita, kada ka zuba mata kuɗi.

Bayan haka ka bi firet ɗaya bayan ɗaya. Nemi abu mai miƙaƙƙen baki wanda tsawonsa zai hau firet uku kacal, ka ɗora ka girgiza. Idan ya yi ƙwas-ƙwas yana lilo, na tsakiyan ya fi 'yan'uwansa tsayi, sai ka yi masa alama da alƙalami. Ɗaya ko biyu ba matsala. Wani lokaci ma bai zauna sosai a raminsa ba ne, bugu kaɗan da guduma mai kan roba ya isa. Idan sun kai biyar ko shida, wannan aikin mai gyaran jita ne, kuma shi ne kuɗin da ya fi kowane biyan kuɗin sabulu a duk aikin. Shafa yatsa a gefen wuya kuma. In bakunan firet suna kartar hannu, katako ne ya bushe ya ɗan tsuke ya bar ƙarfe a waje, ƙaramin magagari zai kwantar da su, muddin ka manna tef a kan katakon tukuna.

Mataki na biyu: saiti, kafin ka sayi komai

Sa sababbin tsirkiyoyi irin kaurin da ka saba, ko masu farawa daga 0.009 ko 0.010 na inci, ka ɗaure su a sauti. Saitin yana da jeri, kuma in ka tsallake ɗaya sai ka dawo baya.

Ana farawa da lanƙwasar wuya. Matse firet na farko da kafo, wato ɗan abin da ake maƙalawa a wuya ya danne tsirkiyoyi duka, ka danne na ƙarshe da yatsa a kan tsirkiya mafi kauri, ka duba ratar da ke tsakanin tsirkiyar da saman firet na takwas. Kusan milimita 0.25 ake so, wato kaurin ɗan kati siriri. In ratar ta yi yawa, ɗaure sandar zuwa dama. In tsirkiyar ta kwanta a kan firet, sassauta zuwa hagu. Kada ka wuce rubu'in juyi a lokaci guda. Juya, mayar da sauti, jira katako ya amsa, sannan ka sake aunawa. A nan ne masu gaggawa ke garin gyaran gira su rasa ido.

Sai tsayin tsirkiya, wanda ake gyarawa daga sirdunan da ke kan jaki, wato ƙananan ƙarafan da tsirkiyoyi ke hawa a inda aka kafe su a jikin jita. A firet na goma sha biyu, kusan milimita 2 a ɓangaren mai kauri da 1.6 a ɓangaren siririya wuri ne mai kyau na farawa. Mai nauyin hannu ya ɗan ɗaga, mai taushin hannu ya ɗan sauke.

Na uku shi ne gaskiyar sauti a tsawon wuya. Kaɗa tsirkiya a buɗe ka daidaita ta da na'urar saiti, sannan ka danne ta a firet na goma sha biyu. In sautin ya haura, ja sirdin baya, nesa da wuya. In ya gaza, turo shi gaba. Aiki ne mai cin rai, tsirkiya shida, kowace sau uku ko huɗu, amma shi ne ke sa sautukan sama su daina faɗa da juna.

Yanzu ka ajiye kayan aiki ka yi mako biyu kana kaɗawa. Rubuta duk abin da ya dame ka. Sau da yawa rabin abin da ka yi niyyar saye zai fita daga ranka da kansa.

Mataki na uku: matashi, sannan kunnuwa

Idan jita ba ta zama a sauti, kowa kunnuwan ɗauri yake zargi, alhali mafi yawan lokuta laifin matashi ne, ɗan farin abin nan mai ramuka shida da ke tsakanin kai da wuya. Saurara da kyau yayin da kake murɗa kunne. In ka ji wani ɗan "tin" sannan sauti ya yi tsalle, tsirkiya ce ta maƙale a rami ta kuɓuce. Gwada maganin da ba ya cin kuɗi: ɗaga tsirkiyar ka goga bakin fensir a ramin. In abin ya lafa, ka gano mai laifi.

Matashin roba mai laushi ana iya sauya shi da na ƙashi ko na TUSQ da kamfanin Graph Tech ke yi. Auna faɗin tsohon, da kaurinsa, da tazarar da ke tsakanin tsirkiya ta farko da ta shida, ka kuma duba ko gindinsa a shimfiɗe yake ko a lanƙwashe. Wajen cirewa, bi gefensa da reza don kada fenti ya ɓalle, sannan ka ɗan buga shi ya fita. Sabon yakan zo da tsayi fiye da kima. Shimfiɗa takardar yashi a kan gilashi ka rinƙa goga gindinsa kaɗan-kaɗan kana gwadawa. Gwajin shi ne ka danne tsirkiya a firet na uku, ka ga 'yar rata kamar gashi tsakaninta da firet na farko. In ka ci ya wuce haka, abin da ka goge ba ya dawowa. Ɗigon gam biyu ya isa ya riƙe shi. Wata rana wani zai so cirewa, ƙila ma kai ne.

Kunnuwa kuwa, sai in suna da wasa, ka juya su ba su amsa ba, sannan ka sauya. Auna ramin: na zamani milimita 10 ne, na tsohon yayi ya fi haka ƙanƙanta. Masu kulle tsirkiya suna sauƙaƙa sauyi ƙwarai, sai dai ba sa gyara matashi mai riƙo.

Mataki na huɗu: cikin ciki

Kafin ka taɓa waya ko ɗaya, ɗauki hoto da wayarka daga kusurwa biyu ko uku. Za ka gode wa kanka.

Abubuwan da suka fi saurin mutuwa a jita mai araha su ne ramin da ake soka kebur da makunnin zaɓar fikof. Su ne kuma mafi sauƙin sauyawa. Ramin kamfanin Switchcraft ya yi suna wajen ƙarko. Maɓallan ƙara da na sauti, waɗanda masu gyara ke kira fot, ana sa masu lamba 250k ga fikof mai naɗi ɗaya, wato mai naɗin waya guda a cikinsa, masu 500k ga mai naɗi biyu. Dalili shi ne mai lamba babba yana barin kaifin sauti ya wuce, naɗi ɗaya kuwa da ma yana da kaifi har ya yi yawa. Kafasita, wato ɗan abin da maɓallin sauti ke rage kaifi da shi, wadda aka saba haɗawa da su ita ce mai lamba 0.047 ga naɗi ɗaya, 0.022 ga naɗi biyu. Lambar ce ke aiki. Labarin da ake bayarwa na kafasita mai tsada da ke ƙara wa sauti zaƙi, ni dai kunnena bai taɓa jin bambancin ba.

A nan akwai rami da mutane da yawa ke faɗawa. Jitocin da ake ƙerawa a Asiya awon milimita suke bi, kayan Amurka kuwa awon inci. Fot na kamfanin CTS na Amurka wuyansa ya kai kusan milimita 9.5, ramin jitarka ƙila 8 ne, sai ka faɗaɗa shi. Hular maɓallin ma ba lallai ta shiga ba, domin haƙoran ba ɗaya ba ne. In ka tilasta ta, sandar fot ɗin za ta lanƙwashe.

Tun da cikin a buɗe yake, shimfiɗa tef na tagulla a duk ramin da bayan murfin, kowane yanki ya hau kan ɗan'uwansa, sannan ka haɗa shi da wayar ƙasa, wato wadda ake liƙawa a bayan fot. Gwada da mita ka tabbata wuta na bi daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Wannan yana rage zuzun da fitilu da na'urori ke jefowa, amma ba ya kashe gurnanin wutar gida mai bugun 50 ko 60 a daƙiƙa da naɗi ɗaya ke ɗauka. Wannan gurnanin ne ya sa Seth Lover ya ƙirƙiro wa Gibson fikof mai naɗi biyu, wanda ya fara bayyana a kan Les Paul a 1957.

Wajen liƙa da dalma, ƙarfe mai wat 40 ya wadatar. Kankare bayan fot ya yi haske, ka fara shafa dalma a kan waya da kuma wurin da za ta zauna, sannan ka haɗa su. Liƙi mai kyau yana sheƙi. In ya fito dunƙule a dushe kamar ƙwallon toka, sake shi. Rufe jikin jitar da tsumma, ɗigon dalma ɗaya yana huda fenti.

Mataki na biyar: jaki da fikof

Jaki shi ne inda na taɓa yin asara mafi ciwo. Na sayi tubalin ƙarfe mai nauyi na ƙarƙashin jaki, ban auna kaurin jikin jitata ba. Ashe jikin bai kai milimita 45 da aka saba ba, sai tubalin ya leƙo ta baya, murfi ya ƙi rufuwa, yana sukar cikina in na rataya ta. Don haka auna kaurin jiki, da tazarar ramukan kusoshi, da faɗin jerin tsirkiyoyi, domin akwai na kusan milimita 52 akwai na kusan 56. In ka sa mai faɗi a kan siririn wuya, tsirkiya ta farko za ta rinƙa zamewa daga gefe. Sau da yawa sauya sirdunan kaɗai ya isa.

To, yanzu fikof. Kafin ka cire tsohon, gwada tsayinsa. Danne firet na ƙarshe, ka bar rata kusan milimita 2 zuwa 2.5 tsakanin tsirkiya da maganaɗisu. In ya matso da yawa, yana jan tsirkiyar har sauti ya rinƙa rawa. Rabin juyin sukudireba yana iya sauya murya fiye da yadda kake zato.

In har yanzu bai yi maka ba, sai ka iya faɗin abin da ya rasa da kalma ɗaya: kaifi ya yi yawa ne, ko ya dushe, ko ba shi da ƙarfi? Masu araha galibi maganaɗisun seramik ne a manne a ƙasansu, masu maganaɗisun alniko, wani haɗin ƙarafa, kuwa sautinsu yakan fi taushi da zagaye. Fara da guda ɗaya, wanda ka fi amfani da shi, yawanci na kusa da jaki. Launin wayoyi ba ɗaya ba ne tsakanin kamfanoni. Abin da jan waya ke nufi a fikof na kamfanin Seymour Duncan ba shi yake nufi a na DiMarzio ba, don haka bi zanen da ya zo a kwalin. In ka haɗa sabo da tsoho, ka zaɓi su biyun tare ka ji sauti ya zama siriri kamar ta hanci, wayoyinsu sun saɓa, sai ka juya na ɗaya. Kafin ka mayar da tsirkiyoyi, haɗa da amfilifaya ka ɗan taɓa kowane maganaɗisu da bakin sukudireba, ka ji "ɗum" a kowane matsayi na makunni, sannan ka ɗaure murfi.

Tsofaffin kayan kada ka zubar. Zuba su a leda ka rubuta abin da ke ciki. Mai sayen jita mai araha ba ya biyan kuɗin kayan da ka ƙara mata, don haka ranar da za ka sayar, sai ka mayar mata da nata, ka ɗauke naka su koma kan ta gaba.