Yadda za a koyar da boren Pueblo na 1680 da igiya mai ƙulli

Malaman tarihi a makarantun unguwannin Aboabo da Asawase sun san yaran Kumasi ba baƙi ba ne ga labarin turjiya, domin babu wanda bai ji sunan Yaa Asantewaa, basarakiyar Asante, da yaƙinta da Turawan Birtaniya a 1900 ba. Wanda ba su cika ji ba shi ne na mutanen Pueblo, manoman masara a yankin da yau ake kira jihar New Mexico a Amurka, waɗanda suka kori Turawan Sifaniya daga ƙasarsu har tsawon shekara 12. Darasin yana cin minti 80, kuma kayan aikinsa igiya ce da ƙararrawa.

A fara da minti 15 na bayanin dalili, in ba haka ba yara za su ɗauke shi wasan tsere. Juan de Oñate, jagoran Turawan Sifaniya, ya shiga ƙasar a 1598. A 1599 Sifaniyawa suka ragargaza garin Acoma na Pueblo, aka yanke wa mazan da suka haura shekara 25 hukuncin sare ƙafa ɗaya. Daga nan sai haraji na masara da mayafin auduga, ga aikin tilas. Limaman Katolika na ɗariƙar Franciscan suka hana raye-rayen ibada, suna kutsawa cikin kiva, wato ɗakin ibada na ƙarƙashin ƙasa, suna ƙona kayan da ke ciki. Fari da yunwa suka ƙara dagula al'amura. A 1675 gwamna Juan Francisco Treviño ya kama shugabannin addinin gargajiya 47 bisa zargin tsafi: aka rataye uku, ɗaya ya kashe kansa, sauran aka yi musu bulala. Cikin waɗanda suka sha bulalar akwai Po'pay, mutumin garin Ohkay Owingeh, wanda ya koma garin Taos ya shiga ƙulla shirin bore.

Matsalar da Po'pay ya fuskanta ita ce zuciyar darasin. Garuruwan a warwatse suke, ɗaruruwan kilomita tsakanin Taos da duwatsun da mutanen Hopi ke zaune can yamma, kuma harsunansu ba ɗaya ba ne. Ta yaya za su tashi rana guda? Sai aka tura 'yan gudu da igiyoyi masu ƙulli, kowace safiya a kwance ɗaya, ranar da na ƙarshe ya kwance ita ce ranar.

A sayo igiyar auduga mai kaurin fensir a kasuwar Kejetia, a yanka guda takwas, kowace mita ɗaya: shida na aiki, biyu na ko-ta-kwana. Kada a sayi ta leda. In an ɗaure ta sako-sako zamewa take yi, in an ja ta kuma ƙullin ba ya kwantuwa a hannun yaro. A yi ƙulli biyar a kowace, da tazarar yatsu huɗu. A raba ajin gida shida da sunayen harsunan: Tewa, Tiwa, Towa, Keres, Zuni da Hopi. 'Yan Tiwa su ne Taos, su zauna a bakin aji, daga wurinsu 'yan saƙo za su ɗauki igiyoyin. Zuni da Hopi can ƙarshen filin makaranta. Kowace ƙararrawa, bayan minti biyu, kwana ɗaya ke nan. 'Yan saƙo tafiya za su yi taku-taku, ba gudu ba, kuma babu magana tsakanin ƙungiyoyi, domin da zarar an bar su da Hausa ko Twi, igiyar ta rasa amfani.

Ga inda abu ya fi lalacewa. Ɗan saƙon da ke hanya yakan manta cewa shi ma dole ya kwance ƙulli idan ƙararrawa ta buga, sai ya isa Hopi da ƙulli biyar alhali na kusa sun koma uku. Kada malami ya gyara masa. A bar ƙungiyar ta makara, sannan a tambayi ajin me ya jawo. Yaro ya gano wannan da kansa ya fi bayanin rabin awa.

A zagaye na biyu, idan ƙulli ya rage biyu, malami ya tsare 'yan saƙo biyu. Haka ta faru: an tsayar da 11 ga Agusta, amma ranar 9 aka kama samari biyu 'yan saƙo daga garin Tesuque, Catua da Omtua, asiri ya tonu, sai aka tashi ranar 10. A ba 'yan Taos minti ɗaya su yanke shawara, su jira ko su gaggauta.

Sakamakon a faɗe shi a taƙaice. An kashe Sifaniyawa kusan 400, har da limamai 21. An yi wa Santa Fe, babban birnin Sifaniyawa a yankin, ƙawanya, aka datse ruwanta, gwamna Antonio de Otermín ya fice ranar 21 ga Agusta, mutane kusan 2,000 suka gangara kudu zuwa El Paso. Sifaniyawa suka dawo a 1692 ƙarƙashin gwamna Diego de Vargas, wani boren ya sake ɓarkewa a 1696 aka murƙushe shi, amma tsohon tsarin harajin bai sake kafuwa ba, kuma ba a ƙara mallakar Hopi ba.

Akwai abin da ya kamata malami ya kiyaye. Ajin zango yakan haɗa Musulmi da Kirista, don haka kada darasin ya rikiɗe ya zama zagin coci. Abin da Pueblo suka ƙi shi ne tilastawa, kuma da yawa daga jikokinsu yau suna zuwa coci suna kuma riƙe da al'adunsu. Kada a sa yara kwaikwayon kisa ko ibadar kiva, domin masu ita suna raye, a garuruwa 19 a New Mexico, kuma suna ɗaukar ta da tsarki. In akwai waya mai intanet, a nuna hoton mutum-mutumin Po'pay da aka kafa a ginin majalisar dokokin Amurka a 2005, a ce yara su nemo abin da ke hannunsa.