Yadda za a zaɓi makullin maganaɗisu na kabad da durowa a gidan rainon yara

Mace da ta karɓi rainon 'ya'yan ma'aikata a gidanta, a Yelwa ko Fadamar Mada ko wata unguwa ta Bauchi, ta ɗauki amanar yaran da ke tsakanin rarrafe da tatata, kuma a wannan shekarun duk abin da hannu ya kai, baki yake nufa. A kabad ɗin ƙasa ne yawancinmu ke ajiye kananzir cikin gorar lemo, da Hypo, da maganin ɓera, da fiya-fiya, da sodar haɗa sabulu, a durowa kuma akwai reza da ragowar magunguna. Makullin maganaɗisu ana liƙa shi ne daga ciki, yaro ba ya ganin komai a waje, ƙofar kuma ba ta buɗewa sai an ɗora mabuɗin, wanda shi kansa maganaɗisu ne mai ƙarfi, daidai inda sakatar take.

Kafin ki je Kasuwar Wunti ko ki yi oda a Jumia, ki fara da kabad ɗin da kike da shi. Idan na ƙarfe ne, irin wanda masu walda ke ƙerawa, ki haƙura da wannan makulli, domin ƙarfen yana shanye jan maganaɗisun, sakatar ba za ta motsa ba. Kwaɗo ne maganinsa. Idan na katako ne, ki auna kaurin ƙofar. Kamfanoni sukan rubuta iyakar kaurin da mabuɗinsu ke ratsawa a jikin kwali, yawanci tsakanin inci 1.5 da inci 2, kuma ƙofar falankin MDF (garin katako da aka matse) da kafintocinmu ke yi ba ta kai haka ba. Inda matsalar ke ɓuya ita ce fuskar durowa, wadda sau da yawa katako biyu ne aka haɗa, don haka dukansu za ki auna. Dabara mafi sauƙi ita ce ki karɓi guntun irin katakon a wurin kafinta, ki tafi da shi shago, ki sa mai kaya ya gwada a gabanki, ki ji ƙarar sakatar da kunnenki.

Sai batun yadda ake kafa shi, kuma a nan ne ra'ayina ya fi ƙarfi. Akwai mai gam, akwai mai sukuru, akwai kuma wanda ya zo da duka biyun. Mai gam yana da daɗin sakawa, masu zaman haya ma sun fi son sa saboda ba ya huda katako. Amma zafin Maris da Afrilu a nan yana kai maki 40, kicin kuma ya fi haka, ga tururi da maiƙo, ga ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina. Gam a irin wannan yanayi yana saki a hankali ba tare da an lura ba, kuma gidan raino ba gidan yaro ɗaya ba ne, hannaye da yawa ne ke jan ƙofa ɗaya kullum. Ki sayi wanda ke da ramukan sukuru, ki kira kafinta ya ɗaure shi a duk kabad ɗin da ke da guba ko abu mai kaifi. Inda dole sai gam, a goge wurin da sifirit, a bari ya bushe, a danna sosai, sannan a bar shi awa 24 kafin a fara ja.

Ki duba ko makullin yana da ɗan maɓallin kashewa, wanda ke barin ƙofa a buɗe idan yara sun koma gida. Yana da amfani, sai dai dole a mayar da shi kowace safiya kafin iyaye su fara kawo yara. Ki sayi duka daga kamfani ɗaya domin mabuɗi ɗaya ya buɗe su.

Mabuɗin kansa abin tsoro ne. Ki zaɓi babba wanda ba zai shiga bakin yaro ba, wanda maganaɗisunsa ke rufe ruf cikin roba mai kauri, domin yaron da ya haɗiye ƙananan maganaɗisu biyu, suna iya manne wa juna ta bangon hanji su huda shi, kuma wannan sai tiyata. Ki tanadi aƙalla guda biyu, ɗaya a saman firji can inda ko da kujera yaro ba zai kai ba, ɗayan a ɗakinki, saboda ranar da mai taya ki aiki za ta rufe mabuɗin a cikin kabad ɗin. Yaran da suka kai shekara 4 suna kallo suna koyo, saboda haka kada a riƙa buɗewa a gabansu kamar wasa.

Duk mako ki ja kowace ƙofa da ƙarfi, wadda ta yi sako-sako a gyara ta a ranar. Kananzir da maganin ƙwari kuwa, ko da makulli, wurinsu sama ne ko sito. Idan yaro ya sha kananzir, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara kamar yadda aka saba, domin aman ne ke kai kananzir ɗin huhu. A ɗauki gorar a wuce da shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ko asibiti mafi kusa, a kira iyayensa daga hanya.