Kurakuran da aka fi yi wajen saita wutar allon LED na rainon shuka

Mai rainon tumatir, attaruhu ko latas a ƙarƙashin fitila yakan kashe kuɗinsa wajen zaɓen allo, sai ya ɗauki kowane direba ya jona. A nan matsala take farawa. Direba shi ne ɗan akwatin ƙarfen nan da ke karɓar wutar soket ya mayar da ita irin wadda ƙwayoyin LED ke sha, kuma shi ke yanke hukuncin wat nawa allon zai ci. Allon ba shi da ta cewa, abin da aka tura masa shi yake haɗiya, ko da zai ƙone shi.

Kuskuren farko shi ne yarda da lambar da ke jikin kwali. Za ka ga fitila an rubuta mata wat 1000, ka sa mita a soket ka tarar ko 150 ba ta kai ba. Lambar talla ce kawai. Lissafin gaskiya ba shi da wuya: bolt sau amfa shi ne wat. Ɗauki allon QB288 na kamfanin Horticulture Lighting Group, mai ƙwayoyin Samsung 288, wanda ke aiki a wajen bolt 50. Idan aka tura masa amfa 2.1, ya ci kusan wat 105. Direban kansa yana da nasa kason, domin na kamfanin Mean Well jerin HLG yana mayar da kashi 6 ko 7 cikin 100 zafi. Saboda haka alluna biyu da ke cin wat 210 za su nuna wajen 225 a bango. Wannan ba lalacewa ba ce, kada ka mayar wa mai shago. Sayi ƙaramar mitar nan da ake cusawa tsakanin fulogi da soket, ita ce alƙali. Da ita za ka san cewa wat 225 na awa 16 yunit 3.6 ne a rana, 108 a wata, kafin takardar kuɗin wuta ta sanar da kai.

Na biyu ya fi cin mutane: a dubi wat ɗin direba kawai, a manta da iyakar bolt ɗinsa. Direba HLG-240H-C2100 yana riƙe amfa 2.1 daram, amma sai idan abin da aka jona masa yana tsakanin bolt 59 da 119. Alluna biyu a haɗin sarƙa, wato jan wayar wannan ta shiga baƙar wayar wancan, suna ba da wajen bolt 100, sun zauna daidai. Allo ɗaya tilo bolt 50 ne, ya faɗi ƙasa da iyaka, sai ka ga fitila tana ƙyafta ido ko ta ƙi tsayawa. Uku kuwa bolt 150 ne, direban ba zai iya ɗaga su ba. A haɗin sarƙa bolt ake tarawa, amfa ba ya canzawa. A haɗin gefe da gefe kuma amfa ake rabawa, bolt ya tsaya yadda yake, kuma wannan yana son direba irin HLG-240H-54A mai bolt 54 da amfa 4.45. Ni dai sarƙa na fi so. A gefe da gefe, allon da ya fi zafi bolt ɗinsa yana sauka, sai ya ƙara jan wuta, ya ƙara zafi, ya ƙara ja. Idan kuma waya ɗaya ta zame, ɗan'uwan da ya rage shi zai ɗauki nauyin da aka yi wa biyu.

Sai harafin ƙarshe na sunan direba, wanda mutane ba sa ko kallo. Mai A yana da ƙananan sukurori a ɓoye ƙarƙashin murfin roba. Mai B ba shi da su, wayoyi biyu gare shi na rage haske ko ƙara shi, DIM+ da DIM-. Mai AB ya haɗa duka. A kan irin 54A sukurori biyu ne, an rubuta Io a kan na amfa, Vo a kan na bolt. Na taɓa ɓata yamma guda ina murɗa Io da siririn sukudireba, mita tana nan a wat 140 ta ƙi motsi, har na fara zagin wanda ya sayar mini. Ashe Vo ne ke ƙasa, ya toshe hanya. Da na ɗaga shi kaɗan sai lambar ta tashi. Dabarar ita ce ka sauke Io ƙasa tukuna, ka ɗaga Vo, sannan ka riƙa ƙara Io a hankali idonka na kan mita. Kuma kada ka danne sukurun da ƙarfi, roba ce, in ta cinye shi ke nan.

Mai B kuwa yana son a jona wa wayoyin DIM ɗinsa maɓallin murɗawa na om 100,000 (om ma'aunin tare wuta ne). Wanda ya sa na 10,000 zai zauna da fitila dishi-dishi yana mamaki. In direbobi biyu za su yi tarayya a maɓalli ɗaya, na om 50,000 ake sawa. Wayoyin in an bar su ba a jona komai ba, fitila tana ci da cikakken ƙarfi, sai a naɗe bakin kowace da tef daban. Kada a haɗa DIM- da baƙar wayar da ke zuwa allo, takardar kamfanin ma ta hana.

Akwai masu ganin tun da an biya kuɗi, dole a murɗe har ƙarshe. Ƙwayar LM301B, wato irin ƙwayar Samsung da ke kan allon, an auna ingancinta ne a miliamfa 65 (miliamfa 1000 ne amfa ɗaya). A allon QB288 ƙwayoyin layi 16 ne, kowane layi 18, don haka amfa 2.1 na nufin kowace ƙwaya tana shan kusan miliamfa 131, ninki biyu ke nan. Hasken yana ƙaruwa, amma ba ya ninkuwa daidai da wutar, ragowar zafi ce. Alluna biyu a rabin ƙarfi sun fi allo ɗaya a cikakken ƙarfi haske a kan wat ɗaya, sun kuma fi daɗewa. A ɗakin da ya riga ya yi zafi, kamar namu a watan Afrilu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Allon da zai wuce wat 60 ko 70 yana son farantin alminiyam mai kauri a bayansa, direba kuma a ɗaga shi daga kan farantin, ko a rataye shi a wajen ɗakin rainon.

Shukar ma ba ta roƙi duk wannan hasken ba. Latas tana ƙoshi da mol (ma'aunin yawan hasken da ke sauka kan shuka) 12 zuwa 17 a kowace murabba'in mita a rana, wanda hasken maikiromol 250 a kowace daƙiƙa na tsawon awa 16 ke bayarwa, wato mol 14.4. Tumatir mai 'ya'ya ne ke neman 20 zuwa 30. Ɗan tsiro mai ganye biyu da aka sakar wa cikakken ƙarfi sai ganyensa ya koɗe, ya yi fari-fari, mai shi kuma ya ɗauka taki ne ya yi kaɗan, ya ƙara masa. Rage wutar, ko ɗaga allon sama.

Wani kuskuren na daƙiƙa ɗaya ne: jona allo alhali direba yana kunne. Direban da ba shi da kaya yana ɗaga bolt har ƙarshen iyakarsa, da ka taɓa waya sai ya juye wa ƙwayoyin abin da ya tara. Cire fulogi, jira ɗan lokaci, jona, sannan ka kunna. Bolt 119 ba abin wasa da hannu ba ne, sai a haɗa wayar ƙasa da jikin direba da farantin.

Direbobin HLG suna karɓar wutar soket daga bolt 90 zuwa 305, saboda haka wutar da ta yi ƙasa ba ta cika damunsu ba. Abin da ke kawo cikas shi ne fizgar farko: lokacin kunnawa kowanne yana jan gomman amfa na ƙiftawar ido. In ka tara huɗu ko biyar a kan na'urar saita lokaci ɗaya, za ta narke ko bireka ta riƙa faɗuwa, ƙaramar inbata kuma ta yi ƙara ta ɗauke. Raba su gida biyu, ka sa tazarar minti ɗaya tsakanin kunnawarsu.