Yadda ake neman diyya kan kuskuren magani a asibitin tsofaffin sojoji a Amurka

Asibitocin hukumar kula da tsofaffin sojoji (VA) da na soja mallakar gwamnatin tarayya ne, don haka gwamnatin Amurka ake bi bashin diyya, ƙarƙashin dokar FTCA ta 1946, wadda ta ba da damar neman diyya daga gwamnati kan illar da ma'aikatanta suka jawo. Ba a kai likita ko ma'aikacin jinya ƙara da sunansa, kuma ba daga kotu ake farawa ba.

Da farko a tara shaida. A ajiye kwalbar maganin da takardar da ke manne a jikinta, kada a zubar da ragowar ƙwayoyin. A nemi kwafin fayil ɗin majinyaci, musamman rajistar ba da magani, wadda ke nuna wa ya ba da me, ƙarfe nawa, miligiram nawa. A nan ake gano ko an ninka ƙa'ida, ko an haɗa magunguna biyu da ba sa jituwa. Kuskure kaɗai bai isa ba, sai wani likita ya tabbatar cewa shi ne ya jawo illar.

Sai a cike fom ɗin neman diyya mai suna SF-95 a miƙa wa hukumar da ke da asibitin kafin shekara 2 ta cika daga lokacin da aka san illar da sanadinta. Ranar da takarda ta isa hannunsu ake lissafawa, ranar aikawa ba ta da amfani. Dole a rubuta takamaiman adadin dala. Wanda ya bar gurbin nan babu komai kamar bai shigar da buƙata ba ne, ga lokaci yana ta tafiya. Kada kuma a yi rowar lissafi, domin da wuya kotu ta ba da fiye da abin da aka rubuta.

Hukumar tana da wata 6 ta ba da amsa. In ta yi shiru, ana iya wucewa kotun tarayya. In ta ƙi a rubuce, wata 6 ne kacal suka rage a shigar da ƙara. Lauya ba ya karɓar fiye da kashi 20 cikin ɗari in an sasanta da hukuma, ko kashi 25 in an kai kotu.

A bincika tun da wuri ko likitan ɗan kwangila ne, domin FTCA ba ta shafe shi ba, dokar jihar da abin ya faru ake bi, wa'adinta kuma yakan bambanta. Sojan da ke bakin aiki ba ya iya kai ƙara saboda hukuncin da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a shari'ar Feres a 1950, amma tun 2020 yana iya neman diyya daga ma'aikatar tsaro kai tsaye. Matarsa da 'ya'yansa kuwa suna da damar bin FTCA, muddin asibitin yana cikin Amurka.